Tambaya: Ya zan bi Yesu ban zama butulu ga kawuna ba?

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ni ɗan Billiri ne, shekarata uku ina zaune a Gombe wurin kawuna, ina taya shi sayar da hatsi. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya biya mini kuɗin makaranta.

Mudu biyu muke da shi a shago: babba na saye daga manoma, da wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. Da ban ɗauke shi komai ba. Sai muka shiga ajin almajiranci a ikilisiya, muka karanta Maimaitawar Shari'a 25:13-15, inda Ubangiji ya hana ajiye ma'auni iri biyu. Tun ranar, in na auna wa wata tsohuwa masara, hannuna har rawa yake yi.

Na yi masa magana cikin ladabi. Ya ce, "Ɗana, haka kasuwa take, da wannan mudun na ciyar da kai." Kuma dattijo ne a ikilisiyarmu, abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan.

Luka 14:26-33 ya ce mai bin Yesu ya zauna ya lissafta abin da zai ci masa, ya fifita shi a kan dangi. Fitowa 20:12 kuma ta ce a girmama iyaye. In na bar shagon, kuɗin makarantar ƙannena biyu a gida zai tsaya.

Shin in ƙi taɓa mudun amma in zauna? Ko in kai maganar wurin fasto, alhali hakan tona asirin kawuna ne? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.