Tabulet mai ciwon bakin caji: a saya ko a bari?

Auta: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar gida. Wani ɗan ajinmu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua zai sayar mini da tabulet ɗinsa, inci 10, RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, watansa bakwai a hannunsa. Ya faɗa mini gaskiya: bakin cajin yana rawa, sai an ɗan karkata igiyar kafin ya ɗauki wuta. Saboda haka ya rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo. A ganina aibin ƙarami ne, ragin ya rufe shi.

Anti: Wa alaikumus salam. Auta, kada ka saya. Araha ba ta ado. Nawa da nake shirya darasin yara da shi haka ya fara, daga karkata igiya aka koma danne ta da littafi, rannan ya ƙi ɗauka gaba ɗaya. Da aka buɗe sai ga batir ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Sakamakon jarabawar aji biyu yana ciki, kuma ban kwafe shi ko'ina ba. Har yanzu abin yana damuna.

Auta: Allah Ya mayar da alheri, Anti. Amma ni idona ya gaji da karanta handawut a ƙaramar waya. Sabo kuwa ya fi ƙarfina a bana. Da babu gara ba daɗi.

Yaya: Ku bari mai sana'ar gyaran waya ya sa baki. Abin da ake kira ciwon bakin caji kala uku ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Na farko datti ne kawai. Ƙurar hunturu da zaren aljihu su cushe a cikin ramin, kan caja ya kasa shiga har ƙarshe. Wannan da tsinken sakace ake fitar da shi, ba na ma karɓar kuɗi a kansa. Na biyu, bakin ne da kansa ya ci, amma yana zaune a kan ƙaramin fanel nasa daban (fanel shi ne allon da kayan lantarkin cikin na'ura ke zaune a kai) wanda aka haɗa da babban fanel da siririyar igiya. Ka kwance sukurori, ka sa wani, aiki ya ƙare. Na uku shi ne mai wuya: bakin a liƙe yake da dalma a jikin babban fanel. Sai an hura masa iska mai zafi kafin ya fita, kuma idan mai shi ya daɗe yana murɗa igiya, layukan tagullar da ke ƙarƙashi suna iya ɗagowa. Daga nan gyaran sai dai a yi ta lallaɓawa. Daga waje duk ukun kamarsu ɗaya, Auta. Kai ba ka san wanne za ka saya ba, shi ma mai sayarwar bai sani ba.

Auta: To in na sabunta manhajar fa, Yaya? Ya ce akwai sabuntawa da bai sauke ba.

Yaya: Manhaja ba ta liƙe ƙarfen da ya saki.

Kawu: Ni ban san fanel ba, amma akwai abin da nake so yaron nan ya gane. A hukuncin ciniki, wanda ya sayi kaya sannan ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Wanda kuwa aka nuna masa aibin ya ce ya ji ya gani, ya sauke wa mai sayarwa nauyi. Abokinka ya kyauta da ya bayyana, Allah Ya saka masa. Sai dai ka sani, ranar da ka miƙa kuɗi, ciwon ya zama naka kai kaɗai.

Auta: Na fahimta, Kawu. Allah Ya ƙara girma.

Yaya Babba: Ni ban yarda a yanke hukunci da labarin Anti ba. Nata ya lalace, amma na abokin aikina an canza masa ƙaramin fanel, shekara biyu ke nan yana amfani da abinsa. Watansa bakwai kacal, ai garanti yawanci shekara ɗaya ne. A tambayi rasit. In sabo ya saya a shago, wataƙila ma kyauta za a gyara.

Yaya: In na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, babu wani garanti. Ko da akwai, sukan ce lalacewar bakin caji laifin mai amfani ne. Sannan kayan gyaran tabulet ba kamar na waya ba ne. Na waya ina samu a nan Katsina, na tabulet sau da yawa sai na aika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wani lokacin a can ma a ce sai an yi oda.

Anti: Ku ƙara da wannan. Batirin tabulet babba ne, yana cin awa uku ko huɗu kafin ya cika. Wutar da ake kawowa ta awa biyu, da bakin da ke yankewa duk motsi, yaushe zai cika? Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ko lafiyayyen batir ba ya so. Yaron nan jarabawa zai shiga da shi.

Yaya Babba: Anti, duk da haka ban ga dalilin ƙin dubawa ba. Idan datti ne, ya samu kaya mai kyau a kan araha.

Yaya: Nan na yarda da kai. Auta, ka ce masa ya kawo shi shagona a Ƙofar Ƙaura gobe bayan La'asar, da cajarsa da rasit. Zan share ramin, in gwada da wata igiya, in auna wutar da yake ja. In bai gyaru ba zan buɗe bayansa a gabansa. Ƙaramin fanel ne, a cire kuɗin gyara daga farashin ka saya. A jikin babba yake, ka mayar masa da abinsa.

Auta: In ya ƙi a buɗe fa, tunda buɗewa na iya ɓata garanti?

Kawu: To sai ya fara kai shi inda ya saya, su gyara, sannan ku yi ciniki.

Anti: Ni dai ko an buɗe ban sauya ba. Ka riƙe kuɗinka, Auta, ƙarshen wata zan cika maka abin da ya samu.

Auta: Na gode, Anti. Bari in kira shi tukuna in ji ko rasit ɗin yana nan.