Neman aiki bayan shekara 40: me kuka tarar a wurin intabiyu?

Tsohon malamin lissafi: Jama'a, ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa. Shekarata 46. Na yi shekara 18 ina koyarwa, sannan na koyi nazarin bayanai da kwamfuta, da daddare bayan na gama duba takardun ɗalibai. Makon jiya na je intabiyu. Mai jagorantar zaman ya ɗora yatsa a kan shekarar haihuwata ya ce, "Malam, za ka iya karɓar umarni daga sa'an ɗanka?" Aikin da na kai musu ko buɗe shi ba su yi ba. Wannan ne ya fi yi min ciwo.

Akanta: Malam, sannu. Ni shekara 9 na ajiye aiki don renon yara da jinyar mahaifiyata. Duk inda na je, a kan wannan giɓin ake tsayawa, kamar barci na yi. A wurin da suka ɗauke ni kuwa, littafin kuɗi mai kurakurai suka miƙo min, suka ba ni minti 40. Na gano inda aka shigar da rasit ɗaya sau biyu. Shi ke nan, babu wanda ya ƙara tambayar shekaruna.

Mai tantance ma'aikata: Zan faɗi gaskiya, ni ma na taɓa ajiye takardar dattijo gefe, ina zaton zai nemi albashin da ya fi ƙarfinmu. Ban tambaye shi ba, kuma har yau yana damuna. Yanzu muna rufe suna, hoto da shekarar haihuwa kafin tantancewar farko, kowa kuma tambayoyi iri ɗaya muke yi masa.

Ɗalibar shari'a: A Amurka akwai dokar 1967 da ta hana nuna wa 'yan shekara 40 zuwa sama bambanci wurin ɗaukar aiki. Sai dai wanda ya ƙi ka ba zai rubuta dalilin a takarda ba.

Tsohon malamin lissafi: Na gode, 'yan'uwa. Hajiya akanta, idan suka sake kirana, ni da kaina zan roƙi su gwada ni a gabansu.