Wai cemba ta 'yan birni ce, ko manomin ƙauye ma yana da rabo a ciki?

Manomin Kadawa:
Salamu alaikum jama'a. Ni dai ga maganata kuma ina kanta, cibiyar 'yan kasuwan nan da ake ce wa cemba, irin KACCIMA ta Kano da KADCCIMA ta Kaduna, ba ta da wani amfani ga mutumin ƙauye. Abin da muka sani nata shi ne baje koli a Zoo Road ƙarshen shekara, a je a sayi katifa da tukwane a dawo gida. Mu kuwa da tumatir ya yi kaka sai ka ga kwanduna jere a kasuwar Kwanar Gafan rana na dukansu ruwa na zuba, dan dole ka sayar yadda aka taya. Duk wanda ya san aikinta a karkara ya zo ya faɗa min.

Dillalin Dawanau:
Wa alaikumus salam Malam. Zafin da kake ji gaskiya ne amma ka haɗa abu biyu. Cemba fa ba gwamnati ba ce, ba ta da kasafin gina titi ko ɗakin sanyi, ƙungiya ce ta masu biyan kuɗin shiga. Aikinta takarda ne da magana a inda kai ba ka isa ba. Riɗin da ake kawo mana daga Jigawa da Yobe kafin ya hau jirgin ruwa sai mai fitarwa ya yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ya cika fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki, hukumar NAQS ta duba lafiyar kaya, sannan ga takardar shaidar asalin kaya wadda uwar ƙungiyar cemba ta ƙasa NACCIMA ke bayarwa. In wannan layin ya tsaya wlh a sati ɗaya za ka ji shi a farashin tiya a ƙauye.

Manomin Kadawa:
To Alhaji ai ka faɗa da bakinka, mai fitarwa take wa aiki. Manomi ya sayar a tiya, ku ku sayar a tirela, wancan ya karɓi dala.

Hajiya mai zoɓo:
Ku bari in sa baki dan abin nan a jikina na ji shi. Lokacin da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwaron da aka samu a ciki, ba masu dala kaɗai suka sha wuya ba, matan da ke ɓarar zoɓo a ƙauyukan Maigatari da Gumel da Sule Tankarkar su suka fi shiga uku, mace ta wuni tana ɓara hannunta ya yi jawur yana ƙaiƙayi, ta shanya, ta kai kasuwa ranar Alhamis ba mai ko tayawa. Haka wake, tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda maganin ƙwari irin fiya-fiya da ake zubawa a buhu. Waye zai gaya wa mai ajiya a ƙauye cewa abin da yake yayyafawa shi ya rufe mana kasuwa gaba ɗaya? Ai irin wannan ne ya kamata cemba ta tsaya a kai, ita ke zama da jakadu da baƙin 'yan kasuwa, ita ke jin sharaɗin mai saye tun kafin mu ji. Ni ƙorafina ba wai ba ta da amfani ba ne, labarin ne ba ya sauka ƙasa, a otal yake ƙarewa.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ta taɓo wurin. Mu nan Nijar tsarin daban ne, mun gaji na Faransa, shambar, wato cemba, ta kasuwanci hukuma ce da doka ta kafa, ba wai in ka ga dama ka shiga ba. Sannan manoma suna da tasu daban, kowace jiha akwai shambar ta noma, uwarsu ita ce RECA a Yamai, har saƙon murya suke turo wa da Hausa a WhatsApp kan ƙwarin albasa da tumatir da magungunan da aka hana. Ba na ce komai ya gyaru ba, ɗan albasan Galmi shi ma yana kuka da 'yan tsakiya, amma dai manomi ya san ƙofar da ta zama tashi.

Malamin gona mai ritaya:
Ɗana na Maraɗi ka kawo abin da ya kamata a duba. Tamu ta Ingila muka gada, ta sa kai ce, ta farko ma a Legas aka kafa ta tun 1888, 'yan kasuwar bakin teku suka kafa dan kare cinikinsu, ta ƙasa kuma a 1960. To wanda ya biya kuɗi ya zo taro ya kaɗa ƙuri'a shi ake ji, wannan ba zalunci ba ne, haka ginin yake. Tambayata ga mai gonar Kadawa, ƙungiyarku ta masu noman rani tana da rajista? Ta taɓa neman shiga?

Manomin Kadawa:
Baba muna da ƙungiya, muna da takardar gama kai ma. Amma shiga cemba bai taɓa zuwa mana a rai ba gaskiya, mu ƙungiyar manoma ta ƙasa AFAN muka sani, masu shinkafa kuma tasu RIFAN. Kuma ko mun shiga, wa zai saurare mu a gaban masu masana'antar Sharaɗa da Bompai da Challawa?

Dillalin Dawanau:
Su ɗin ai suna buƙatarku fiye da yadda kake zato. Mai injin casar shinkafa ba shi da aiki in Kura da Haɗeja ba su noma ba, mai matsar gyaɗa haka, mai jima a Challawa fatar da yake aiki da ita daga kasuwannin ƙauye irin Wudil da Dambatta take tasowa.

Matashi direban Daf:
Ni ba dogon ilimi gare ni ba amma Alhaji a bar zancen buƙata. Ka ɗauko kaya daga Arewa zuwa Kudu ka ƙirga shingaye, wannan ya ce kuɗin ƙaramar hukuma, wancan ya ce na amfanin gona, wani ko rasit babu sai sanda mai ƙusa a kan titi, kuma duk abin da na biya mai kaya zai cire shi daga kuɗin manomi ne tun a gona. Shekara da shekaru ana cewa za a haɗe haraji. In cemba tana da bakin da kuke faɗa to ga aiki nan.

Hajiya mai zoɓo:
Ƙanena ka yi gaskiya, kuma 'yan cemba suna maganar harajin nan a jarida, na sha ji, sai dai magana a takarda daban, a ɗauki direba irinka a kai shi gaban gwamna ya faɗa da bakinsa daban.

Ɗan Maraɗi:
Ga iyaka ma. Da aka rufe a watan Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka fara buɗewa, bayan juyin mulkinmu na Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Jibiya da Illela da Maigatari da Dan Issa duk suka mutu a tsaye, mai kaji biyu da akuya ɗaya ma ya ji. A irin wannan lokacin ba manomi ɗaya da zai iya zuwa Abuja ko Yamai, dole sai ƙungiya mai suna.

Malamin gona mai ritaya:
Shi ya sa ni ban yarda da cewa ba ta da amfani ba, kuma ban yarda da masu wanke ta tas ba. Laifin da zan ɗora mata shi ne zama a birni tana jiran ƙauye ya zo. Me zai hana ta buɗe ɗan ofis a Dawanau da Kura da Maigatari ko da ranar kasuwa ce kawai, a rage kuɗin shiga ga ƙungiyoyin gama kai, a ware musu rumfa a baje koli, a riƙa sanar da sharaɗin masu saye a rediyo da Hausa kafin girbi ba bayan an dawo da kwantena ba, kamar yawan danshin da ake karɓa a riɗi, da shanya zoɓo a kan tampol maimakon ƙasa, da buhun PICS mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Duk wannan bai fi ƙarfinta ba.

Manomin Kadawa:
Baba na ji, na yarda tana taɓa masu riɗi da zoɓo da wake. Amma ni mai tumatir har yanzu ban ga nawa ba, kayana kwana uku ne ya lalace, ba takardar asalin kaya ce damuwata ba, mai saye tsayayye nake nema da zai sa hannu kan farashi tun ina dashe. Zan kai maganar shigar gaban shugabanmu ranar taro in sha Allahu. Alhaji in kana da hanyar sanin kuɗin rajistar ƙungiya da takardun da suke nema ka turo min.

Dillalin Dawanau:
Zan tambayo maka gobe in Allah ya kai mu. Ku tanadi takardar gama kan taku da sunayen membobi, dan na san za a nema.