Fosfet ɗin feftayid ɗina na ɓallewa a MALDI

Ɗalibar Kemistiri: Assalamu alaikum malamai. Sati biyu ke nan ina fama da MALDI, wato hanyar auna nauyin sinadarai da taimakon hasken leza. Na gauraya feftayid (guntun furotin) mai ɗauke da fosfet da CHCA, sinadarin da ke tsotsar hasken leza, na haska leza mai tsawon zango 337 nm (nanomita), sai in ga wani tsini a jadawalin sakamako da nauyinsa ya gaza na feftayid ɗina da 98, alamar fosfet ya ɓalle. Ina fosfet ɗin yake zuwa?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam 'yata. CHCA zafi gare shi, yana ɗura wa feftayid ƙarfi har fosfet ya ɓalle. Koma DHB, wani sinadarin gaurayawa da bai kai CHCA zafi ba, ki ɗiga masa asid na fosforik kashi 1 cikin ɗari.

Ɗan Digiri Na Uku: Haka ne Malam. Amma DHB kan bushe kamar allurai a gefen ɗigon samfurin. Ki bi gefen da leza a hankali, ki ɗan ƙara ƙarfin leza. Lezar injinmu mai 355 nm ce, haka muke yi.