Tambaya kan tallafin da manoman gundumar Fremont suka samu bayan ambaliyar 2019

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana game da ambaliyar kogin Misuri ta watan Maris na 2019, wadda ta fasa jinga ta shafe garin Hamburg da gonakin gundumar Fremont a jihar Ayowa ta Amurka. An ce kusan duk manoman yankin suna da inshora, to me ya sa suka yi ta kokawa har sai da majalisar dokokin Amurka ta ware musu kuɗi na musamman?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Inshorar gona a Amurka, wadda gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin sayenta, amfanin da ke tsaye a gona take karewa, amma da zarar an girbe an zuba a rumbu, ya fita daga hannunta. Ambaliyar kuwa ta zo ne kafin shuka, lokacin da rumbunan ƙarfe ke cike da masara da waken suya na kakar 2018, waɗanda manoma suka ƙi sayarwa saboda rikicin ciniki da Sin ya karya farashi. Da ruwa ya shiga, sai hatsin ya kumbura ya tsage rumbunan, ya zubo waje yana ruɓewa. Wanda ruwan ya taɓa kuma doka ta hana a kai shi kasuwa, domin ana ɗaukarsa gurɓatacce. A lokacin ma'aikatar noma ba ta da shirin biyan irin wannan asara, sai da aka sanya hannu kan dokar agaji ta dala biliyan 19.1 a watan Yuni, inda aka ware wa noma kimanin biliyan 3, aka kuma shigar da hatsin rumbu a ciki.

Hajiya Mai Kaji:
Malamin Gona ya faɗi gaskiya, sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake rabon. Ana lissafin kuɗin ne bisa yawan eka da yawan amfanin da aka rasa, saboda haka mai babbar gona shi ke kwasar kaso mafi tsoka, ko da yake a lokacin an ƙayyade dala 125,000 ga mutum ɗaya a mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye. Sannan ba a buɗe karɓar takardun neman ba sai a watan Satumba, alhali mai bin bashi ba ya jiran majalisa.

Malamin Gona:
Hajiya, ƙorafinki na jinkiri yana kan hanya, amma batun rabo ina ganin da sauran magana, tunda wanda ya fi asara ba laifi ba ne ya fi karɓa. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne hukumar FSA, wato sashen ma'aikatar noma mai kula da tallafin manoma, tana da ofishi a matakin gunduma, inda manomi ke rajistar abin da ya shuka kowace shekara, kuma akwai kwamitin da manoman yankin da kansu suke zaɓa domin sa ido. Wanda bai ajiye shaidar yawan hatsin da ke rumbunsa ba, shi ne ya fi shan wahalar tabbatar da asararsa.

Ɗan Fadama:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Saura in fahimci matsayin manomin da ke hayar gona: shi ake biya ko mai ƙasar?