Silikon ya ƙi kama gilashin akwatin kifi, don Allah ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata tagogin aluminiyam, wajen yayana na koya kafin ya koma Kaduna ya bar min shagon. Wani Alhaji, aminin surukina, ya ce in haɗa masa akwatin kifin ado na falo. Ya ba ni kuɗin gilashi cif, ga bikin 'yarsa ya ƙarato, a falon nan za a sauki baƙi. Na haɗa shi da silikon, gam ɗin nan mai kama da roba da muke liƙe gilashi da shi, washegari na zuba ruwa, kusurwa ɗaya ta fara yoyo. Na ƙara silikon a kai, ya ɓanɓaro. Wallahi kunyar surukina ta hana ni barci.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau. Sa reza ka kankare shi tas, ka goge da asiton, ruwan sinadarin nan mai cire maiƙo. Silikon ba liƙewa kawai yake yi ba, sinadarinsa ƙulluwa yake yi da fuskar gilashin, tunda shi ma gilashi da silika, wato sinadarin yashi, aka yi shi. Ɗan maiƙon yatsa ya isa ya hana. Kuma da danshin iska yake bushewa, kamar milimita 2 zuwa 3 a kwana. A hunturun nan ka zuba ruwa washegari? Ka ba shi sati guda.

Baban 'Yan Biyu: Ni ma haka wani ya yi min a banɗaki, ya cika min bakin baho da silikon, duk ya yi baƙi, har yau bai ɗaga wayata ba. Amana ta yi ƙaranci.

Mai Madubi: Malam, nemi wanda ba ya wari. Mai warin ruwan khal ɗin nan ya taɓa cinye min bayan madubai.

Injiniya: A'a, kada ku ruɗa shi. Asid ɗin da ke cikin mai warin khal, bayan madubi da ƙarfe yake ci, amma gilashi da gilashi mai warin khal ake sa wa akwatin kifi. Abin gudu shi ne na banɗaki, da maganin fumfuna a ciki, kashe kifin zai yi. Wane iri ka saya? Kaurin gilashin nawa?

Mai tambaya: Yallaɓai, irin wanda nake aiki da shi kullum ne, babu tagar da aka taɓa dawo min da ita. Kuma na goge gilashin sosai da kananzir.

Injiniya: Kananzir! Ai maiƙo ka shafa masa. Taga kuma ba ta riƙe nauyin ruwa. Wargaza shi za ka yi gaba ɗaya.

Mai tambaya: Wargazawa ba za ta yiwu ba gaskiya, lokaci ya ƙure. Babu wani gam da zan ɗora ta waje?

Mai Madubi: Ka gwada gam ɗin nan mai haɗi biyu.

Injiniya: Ba ya kama silikon. Har yanzu ba ka faɗi kaurin gilashin ba.