Ayyuka na ɓace mana a guruf, wace manhaja za mu koma?

Mai_Sola:
Assalamu alaikum jama'a. Muna da ɗan kamfani na haɗa sola, mu tara ne har da yaran da ke hawa rufi, kuma duk aikinmu a guruf ɗin WhatsApp muke tsara shi. Da can babu matsala, amma yanzu aiki ya yi yawa, sai yaro ya turo saƙon murya cewa batir bai iso gidan kwastoma ba, kafin in gani gaishe-gaishe sun binne shi, sai dai in ji kwastoma ya kira yana faɗa. An ba ni shawarar manhajojin tsara aiki, Trello ko Asana ko Jira. Don Allah wanda ya taɓa amfani da su ya faɗa min gaskiya, wanne ne zai yi mana?

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Jira dai ka bar shi, an fi yin sa don masu rubuta manhaja, zai yi maka nauyi. Trello ka fara da shi. Allo ne mai layuka, tsarin kanban da ya samo asali daga masana'antar Toyota a Japan, kai sai ka yi layi huɗu: an yi ciniki, ana jiran kaya, ana kan aiki, an gama. Kowane gida kati ɗaya da za ka riƙa ja daga layi zuwa layi, ka sa sunan wanda zai je da ranar gamawa da hoton inbata bayan an ɗaura. Akwai na kyauta da na biya, na kyautan yana ba ka allo 10, kuma tun 2024 suka taƙaita shi ga mutum 10, kun ga ku tara kun shiga amma da kyar. Abin da ya fi burge ni shi ne a waya yana aiki ko babu netwok, idan sabis ya dawo sai ya tura.

Maman_Hanan:
Malam ni wurin ɗinki gare ni, kuma wallahi matsalar ba manhaja ba ce, mutane ne. Telolina rabinsu Turanci ba ya musu daɗi, ka ce su buɗe wani abu su ja kati, kwana biyu za su yi su koma turo murya, kai kuma kana kallon allo kana zaton aiki bai motsa ba alhali an gama tun jiya, wannan ya fi rashin allon haɗari. Abin da ya yi min aiki, yarinya ɗaya na ɗora wa, kullum bayan la'asar ta saurari saƙonnin ta gyara allon. Sannan ka lura da kuɗi, na biyan da dala ne, kowane mutum kowane wata, kuma ka san yadda canji ya koma tun 2023.

Injiniya_B:
Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya, in kana son ganin wane aiki ke jiran wane, misali ba a ɗaura fanel sai an gama walda, Asana ya fi nuna wannan amma a na biya yake. Lissafin kuɗi kuma ka bar shi a Google Sheets.

Mai_Sola:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗora wa sakatarenmu allon daga Litinin. Injiniya, bidiyon aiki fa, yana shiga katin?

Injiniya_B:
A na kyauta fayil ba ya wuce 10MB, hoto zai shiga, bidiyo kuwa ka sa a Google Drive ka manna link ɗin a katin.